Tallafa wa Masu Fasaha Masu Tasowa: Abin da Ya Kamata Ku Sani

A Bande da ƙauyukan da ke kewaye da ita, har zuwa Magariya da Dungas, ba a rasa matasa masu baiwa ba. Akwai yarinyar da ke saƙa faifai mai launi, da saurayin da ke tsara waƙa yana rerawa a bakin noma, da yaron magini da ya iya zanen bango, da almajirin da ya ƙware a zayyanar allo. Da yawansu kan ajiye sana'ar tun ba ta nuna ba, domin ba kayan aiki, ba mai saye, ga kuma cin rani yana kira. Wannan bayani na masu son su hana hakan ne, ko suna da hali sosai ko kuwa ɗan abin da ba a rasa ba.

Wa ake nufi da mai fasaha mai tasowa?

Mai fasaha shi ne duk wanda ke ƙirƙiro abu da basirarsa, abin da ido ko kunne zai ji daɗinsa: mawaƙi, makaɗi, marubuci, ɗan wasan kwaikwayo, mai zane, baduku, masaƙi, maƙeri, mai ginin tukwane, mai ɗaukar hoto. Mai tasowa kuwa shi ne wanda ya wuce koyon farko, hannunsa ya fara faɗawa, amma sunansa bai wuce garinsu ba, sana'ar kuma ba ta fara ciyar da shi ba. Ba shekaru ake dubawa ba. Mace mai shekara 40 da ta fara fito da sabon salon saƙa ita ma mai tasowa ce.

Ta wace hanya ake tallafa masa?

Hanyoyi uku ne, kuma ana iya haɗa su.

Ta farko ita ce ta ubangida ko uwarɗaki: mutum ɗaya ya ɗauki nauyin mai fasaha daga aljihunsa, ya saya masa kayan aiki, ko ya biya masa kuɗin koyo, ko ya ba shi wurin aiki.

Ta biyu ita ce karo-karo: mutane da yawa su haɗa kuɗi kaɗan-kaɗan a asusu guda, su zaɓi wanda za a taimaka wa.

Ta uku ita ce saye da adanawa: ku sayi aikin mai tasowa da farashinsa na gaskiya, ku ajiye shi da kyau, ku bari mutane su gani. Tarin ayyukan da aka adana haka shi ake kira taska. Idan an tara ta don amfanin jama'a, aka ajiye a makaranta ko gidan matasa ko gidan tarihi, ba don a sayar a ci riba ba, ta zama aikin alheri.

Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa?

Ko kaɗan. Fada ita ce ta fara riƙon masu fasaha. Sarki kan ba makaɗinsa gida da gona da riga da doki, wani lokaci har ya yi masa aure. A haka Ibrahim Narambaɗa ya zauna a fadar Sarkin Gobir na Isa, a haka kuma Ma'azu Ɗan Alalo, wanda ya rasu a 2002, ya yi suna a fadar Damagaram. Ɗan Maraya Jos ya rasa iyayensa tun yana ƙarami. Sarkin Bukur, wanda mahaifinsa ke yi wa kiɗa, shi ya riƙe shi har ya tasa ya ɗauki kuntigi. Ɗan Maraya ya rasu a 2015 duniya ta san shi.

Talakawa ma suna da tasu hanyar. Akwai kari da liƙi a wurin biki. Akwai ajo, wato taron da makaɗi kan kira idan buƙata ta taso masa, abokan sana'a su zo su yi wasa, masoya su ba da gudummawa. Iyayen yaron da ya sauke Alƙur'ani kuma sukan biya mai zayyana ya ƙawata allon sauka. Duk riƙon fasaha ne.

Sayen aiki a ajiye, me zai ƙara wa mai shi?

Labarin Ladi Kwali ya isa amsa. Bagwariya ce mai ginin tukwane daga ƙauyen Kwali, ta koyi sana'ar a gida kamar sauran ƴan mata. Sarkin Abuja na wancan zamani, garin da ake kira Suleja yanzu, Alhaji Sulaimanu Barau, ya ga tulunanta sun fita daban, sai ya riƙa tara su a gidansa. A 1950 wani Bature masanin tukwane, Michael Cardew, ya gan su a can. Da ya buɗe makarantar koyar da ginin tukwane a garin, Ladi ta shiga a 1954, ita ce mace ta farko. Daga nan aka baje kolin aikinta a Landan, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa a 1977. Ladi ta rasu a 1984. Ku juya takardar naira 20 da ke yawo a kasuwanninmu na bakin iyaka, za ku gan ta zaune tana ginin tulu.

Ku lura da abin da Sarkin ya yi: ya ga aiki mai kyau, ya mallake shi, ya ajiye shi inda baƙo zai gani. Da tulunan sun tafi rijiya sun fashe kamar sauran, da baƙon bai ga komai ba. Saye yana ba mai fasaha kuɗin sayen kayan aiki na gaba, yana kuma gaya masa cewa aikinsa yana da daraja. Adanawa kuwa tana sa aikin ya jira ranar da idon da ya dace zai faɗa kansa.

To mu da muke liƙi a biki, ba mun riga mun yi ba?

Kun yi wani abu, amma ku duba inda kuɗin ke zuwa. Liƙi yakan bi wanda ya riga ya shahara, kuma mafi yawa ana yin sa ne don a ambaci sunan mai liƙin. Yaron da ke riƙe wa makaɗi kaya ko yake yi masa amshi ba ya samun komai sai abin da aka yaga masa. Kuma kuɗin dare ɗaya ne; gobe an kashe.

Mai tasowa ya fi buƙatar abu kaɗan wanda ba ya yankewa: fatar da zai yi aiki da ita, zare da rini, kuɗin mota zuwa wurin gwani a Damagaram, kuɗin ɗaukar waƙa ɗaya a situdiyo, wato ɗakin naɗar murya. Mai zanen nan na ƙasar Holan, Vincent van Gogh, wanda ya rasu a 1890, bai samu kasuwa ba a rayuwarsa. Ƙanensa Theo ne ke aika masa kuɗin abinci da fenti a kai a kai har shekara goma. Zane-zanen da ya yi a wannan tsakanin su ne yau ke cikin mafi tsada a duniya.

Ba aikin gwamnati ba ne?

Gwamnati tana da nata rabon, ta kuma taɓa yin abin a zo a gani. A zamanin Seyni Kountché, daga 1974 zuwa 1987, samariya, wato ƙungiyar matasa, ta zama dandalin gwada basira, an kuma yi bikin matasa na ƙasa na farko a Damagaram a 1976. Akwai gasar kiɗa ta Ɗan Gurmu, akwai cibiyar koyar da kiɗa ta Alhaji Taya a Yamai, akwai gidan al'adu na Abdussalam Adam a Damagaram.

Sai dai waɗannan wurare suna karɓar wanda ya riga ya iso ƙofarsu ne. Daga Damagaram zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne. Kafin yaron Bande ya kai can, sai an samu wanda ya gan shi a gida, ya yarda da shi, ya biya masa mota. Wannan matakin farko maƙwabta da dangi da ƴan kasuwar gari ne kaɗai ke iya taka shi.

Sai attajiri ne zai iya?

A'a. Gaskiya ne attajirai sun yi manyan ayyuka. Gidauniyar Zinsou ta buɗe a Kwatano a 2005 tana nuna ayyukan masu fasahar Afirka kyauta. A Legas, Yemisi Shyllon ya ba wata jami'a ayyuka kusan 1,000 daga taskarsa, aka buɗe gidan tarihi da sunansa a 2019.

Amma ga Herbert Vogel da matarsa Dorothy a birnin New York na Amurka. Shi ma'aikacin gidan waya ne, ita kuma ma'aikaciyar laburare. Suka yanke shawarar su rayu da albashinta, nasa kuma su riƙa sayen ayyukan matasan da ba a sani ba tukuna, wani lokaci biya kaɗan-kaɗan. A ƙaramin gidan haya suka tara ayyuka sama da 4,000, a 1992 suka fara miƙa su kyauta ga babban gidan zane na ƙasa a Washington. A Ingila kuma tun 1910 akwai ƙungiyar da mambobinta ke haɗa kuɗi, ta sayi aikin masu fasaha da ke raye, ta raba wa gidajen tarihi kyauta. Wannan salon shi ya fi dacewa da gari irin Bande.

Yaya asusun karo-karo yake aiki?

Kamar adashi yake, sai dai ba mai zubi ne ke kwasa ba, mai fasahar da aka zaɓa ne. Ga yadda za ku tsara shi.

Ku fara da mutanen da suka san juna: malaman makaranta, ƴan kasuwa, ƙungiyar mata, ƴan gari da ke aiki a Kano ko Yamai ko Agadas. Na nesa suna iya aiko da nasu ta kamfanonin aika kuɗi irin Nita ko Amana, ko ta waya.

Ku raba aiki uku: mai riƙe kuɗi daban, mai rubutawa daban, mai ba da izinin fitarwa daban. Kowane zubi da kowane kashi a rubuta shi a littafi ɗaya, a karanta shi a gaban kowa.

Wajen zaɓe, ku gayyaci gwanin sana'ar ya duba aikin. Tsohon baduku ya fi kowa sanin yaron da ɗinkinsa zai yi nisa. Wanda ɗansa ko ƙanensa ke cikin masu nema ya janye daga zaɓen.

Ku yanke wa'adi, misali shekara ɗaya, ku kuma faɗi abin da kuke jira a ƙarshensa: waƙa uku da aka ɗauka, ko faifai goma, ko wasan kwaikwayo ɗaya da aka nuna wa jama'a.

Ku bi kalandar noma. Ku tara da kaka, lokacin da aka sayar da gyaɗa da riɗi da wake, ko lokacin da raken korama ya shiga kasuwa. Ku kashe da rani, lokacin da matasa ba su da aikin gona kuma suke shirin tafiya.

Idan asusun ya girma, ku je ma'aikatar magajin gari a nuna muku yadda ake yi wa ƙungiya rajista, domin kuɗin jama'a ya samu takarda.

Nawa abin zai ci?

Gwargwadon ƙarfinku. Ga misali na lissafi kawai. Mutum 20, kowa ya zuba jika 1 a wata, wato sefa 1,000, an samu jika 20. A shekara jika 240 ke nan. Kuna iya ware rabi don sayen ayyuka, kashi ɗaya cikin huɗu don kayan aiki da koyo, sauran don mota da baje koli. Kafin ku yanke adadi, ku aika mutum biyu su tambayo farashin kayan a kasuwa, domin yana canzawa, musamman abin da ake sayowa da naira.

Wanda ba shi da kuɗi ma yana da abin bayarwa. Shago ko zaure da ba kowa a ciki wurin aiki ne. Buhun gero yana sa matashi ya zauna gida wata guda ya yi aiki. Direba yana iya kai kaya Magariya ko Damagaram kyauta. Mai waya mai kyau yana iya ɗaukar hoton aikin ya aika wa ƴan gari da ke nesa.

Abu ɗaya kawai: idan sayen aiki kuka zo yi, kada ku taya shi tayin wulaƙanci. Ku lissafa kayan da suka shiga da kwanakin da aka ɓata, ku biya.

Idan na saya ko na biya, aikin ya zama nawa?

Abin da kuka saya naku ne, amma basirar ta mai ita ce. Wannan shi ake kira haƙƙin mallakar fasaha. Idan kun sayi zane, kuna iya rataye shi, ku bayar da shi, ku sayar da shi. Amma buga shi a jikin riguna don kasuwa sai da izinin wanda ya zana. Idan kun biya kuɗin situdiyo, waƙar tana nan ta mawaƙin, sai in kun yi wata yarjejeniya dabam.

Saboda haka ku rubuta komai tun farko, ko da a takarda ɗaya ce, da Hausa, da shaidu biyu: kyauta ce ko rance, me ake jira, wa ke da ikon sayarwa. A Nijar hukumar da ke kula da wannan haƙƙi ita ce BNDA, kuma yana da kyau ku taimaki mawaƙi ko marubuci ya yi rajistar aikinsa a can kafin ya bazu a wayoyi. Kowane aikin da kuka adana kuma ku rubuta sunan mai shi da garinsu da shekarar da aka yi shi. Ku nisanta shi da gara da danshi da zafin rana. Waƙa kuma a ajiye ta a wuri fiye da ɗaya.

Ina matsayin addini?

Malamai sun yi saɓani a kan kiɗa da kuma zanen abu mai rai. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya tambayi malaminsa, ya kuma sani fagen yana da faɗi. Zayyana da rubutu mai kyau, rubutacciyar waƙa irin wadda Nana Asma'u da Aliyu Namangi suka bari, dukancin da Damagaram ta yi suna a kai, tukwane irin na Miriya, adon bango irin na unguwar Birni ta Damagaram, saƙa da ɗinkin hula, duk suna jiran mai tallafi.

Ku kuma bambanta zakka da sadaka. Zakka tana da rukunin mutane takwas da aka ayyana a Suratut Tauba, kuma zama mai fasaha ba ya cikinsu. Ana ba shi ne kawai idan ya shiga ɗaya daga ciki, kamar talauci. Asusun fasaha ya fi dacewa da kyauta da sadakar ganin dama, ko wakafi, wato dukiyar da aka tsayar don amfanin jama'a har abada, kamar ɗakin da aka ware don koyon sana'a.

Waɗanne matsaloli ne ya kamata a guje wa?

Babbar ita ce mai da mai fasaha bara. Ubangidan da ke son kowace waƙa ta zama yabonsa, ko kowane wasa ya zagi abokin hamayyarsa, saye yake yi ba tallafi ba. Wannan ya fi yawa a lokacin siyasa, kuma idan guguwar ta wuce yaron ne ke kwana ciki: ya ɓata da rabin gari, ubangidan kuma ya daina ɗaukar waya. Ku ba da shawara idan an nema, amma ku bar masa ƴancin abin da zai faɗa da yadda zai yi shi.

Ta biyu ita ce gori. Kyautar da ake ambata a kowane taro tana karya zuciya.

Ta uku ta shafi ƴan mata da yara. Duk tallafin da za a ba su ya bi ta hannun iyaye ko miji ko ƙungiyar mata, a fili, kada kuma ya raba yaro da karatunsa.

Ta huɗu daga ɓangaren mai karɓa take. Wani zai karɓi kuɗin kayan aiki ya yi wata hidima da su. Maganin haka shi ne a sayi kayan a ba shi, kuɗi kuma a riƙa sakinsu kashi-kashi, ana ganin aiki ana ƙarawa. Ku kuma sa a ranku cewa ba kowa ne zai shahara ba. Wanda ya samu sana'ar da ke ciyar da iyalinsa, asusunku ya ci riba a kansa.

Wa ke amfana?

Mai fasahar ne na farko, amma ba shi kaɗai ba. Baduku ɗaya da ya tsaya da ƙafarsa yana sayen fata wurin majemi, yana ɗaukar yara biyu ko uku koyo. Mawaƙi yana tafe da makaɗa da ƴan amshi. Tsofaffin gwanaye suna samun magada kafin salonsu ya tafi tare da su. Ƴan makaranta suna ganin aikin ƴan garinsu a rataye da sunayensu, su san cewa hannu ma hanyar arziki ne. Gari kuma yana riƙe wasu daga cikin matasan da hanyar Libiya da Aljeriya ke ɗauke masa.

Ta ina za ku fara?

Ku fara da tambaya. Ku tambayi malaman makaranta da sarakunan sana'a da shugabannin mata: wane yaro ne ko wace yarinya ce hannunsu ya fi na tsaransu? Ku je ku ga aikin da idonku, ku tambayi mai shi abin da ya fi tsaya masa. Sau da yawa za ku tarar ƙaramin abu ne.

Daga nan ku sayi aiki ɗaya da farashinsa, ku rubuta sunan mai shi a jiki, ku ajiye shi a zaure ko shago inda masu shigowa za su gani su tambaya. Ku nemi mutum huɗu ko biyar ku fara zubi, ku zaɓi mai tasowa ɗaya tak a shekarar farko. Idan sallah ta zo, ko ranar kasuwa bayan kaka, ku nemi aji ɗaya a makaranta ko filin ƙofar fada ku baje abin da aka yi, ku karanta lissafin kuɗin a gaban jama'a. Mutanen da suka ga aiki suka kuma ji lissafi su ne za su shigo asusun a shekara ta biyu.